Gammo a Ƙafar Tebur

Ranar da aka sauke teburin wasan sunuka a ƙofar gidan Alhaji Dabo a Kankiya, sai da ya sa 'yan dako suka wanke ƙafafunsu kafin su taka falonsa. Matarsa Zinariya ce ta miƙo buta da sabulu ta bayan labule, tana jin ɗayansu yana tambaya ko alwala ake so su yi gaba ɗaya a huta.

Katako Alhaji Dabo ya sayar duk rayuwarsa. Da ya ajiye kasuwa, sai ya shimfiɗe falonsa da madaci, ja wur, kowane falle da hannunsa ya zaɓa. Ba a shiga da takalmi, ba a jan kujera, shayi ma sai a kan tire. Zinariya ta sha faɗa masa cewa da ita ake shafa wa mai yadda ake shafa wa katakon nan, da har yanzu ana yi mata kallon amarya.

Teburin kyauta ce daga Umar, mutumin Kusada, mijin 'yarsu ta fari, Rabi. Ya aiko cewa Baba ya riƙa motsa jiki da shi. Alhaji bai taɓa riƙe sandar sunuka ba, amma ya san nauyi in ya gan shi. Ya ga yadda jijiyoyin wuyan 'yan dakon suka tashi, ya ƙwanƙwasa koren ƙyallen, ya ji dutse a ƙarƙashi. Nan take ya hana a dire. Haka mutanen suka tsaya rungume da tebur suna nishi, shi kuwa ya leƙo cikin gida.

"Hajiya, abin nan zai huda mini madaci."

"To ka mayar masa mana."

Ya dube ta kamar ta ce ya fita kasuwa babu riga. Kyautar suruki, kuma mijin 'yar fari, wanda ko sunansa ba ya kamawa? Shekarunsu tare, maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Umar ya durƙusa, Alhaji ya kalli bango ya amsa, kowa ya kama gabansa.

An gwada faifai, ƙafar tebur ta murƙushe shi. An gwada guntun taya, Alhaji ya ce baƙinta zai kama katako. Sai Zinariya ta tuna ƙuruciyarta a Kaikai, lokacin da take ɗaukar tulu. Ta yayyaga tsofaffin zannuwanta, ta naɗa gammo huɗu masu kauri, aka ɗora kowace ƙafa a kan ɗaya. Abin da ya kare kan mace, in ji ta, zai kare itace.

Gammon ya yi aikinsa, sai dai ɗaya ya fi sauran laushi. Teburin ya karkata yamma. Duk ƙwallon da aka ajiye, sai ta yi ɗan tunani, ta gangara a hankali ta faɗa ramin kusurwa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Alhaji ya ce wannan ai sauƙi ne, ashe wasan da kansa yake yin kansa.

Da Rabi ta zo ganin gida, a ɗakin girki ta gaya wa uwarta gaskiya. Ita ce ta ce ko tebur ko ita, domin abokan mijinta sun mai da gidanta tasha. Shi kuma ya kasa rabuwa da abinsa, shi ne ya kawo inda zai riƙa ganinsa. Zinariya ta yi dariya har ta ƙware, amma ba ta kai wa Alhaji labarin ba.

Tun daga nan Umar ya zama mai zumunci. Duk Juma'a yana hanya. Durƙusonsa na gaisuwa ya ƙara tsawo, domin daga ƙasa ya fi ganin ƙafafun tebur. Alhaji, saboda kunya, yakan tashi ya bar masa falon. Umar kuwa sai ya shiga ƙarƙashi, ya tokara da bayansa, ya cusa ninkakken kwali a ƙasan gammon yamma har teburin ya daidaita, ya yi wasansa shiru kamar ɓarawo. Yana fita Alhaji zai shigo da rarrafe, da 'yar wuƙarsa ta yankan farce, ya zaƙulo kwalin yana mita. Kwali abincin gara ne, gara kuwa in ta shiga madaci sai addu'a.

Zinariya ta gaji, ta ce wa Alhaji su zauna da Umar su yi magana kamar mutane.

"Wace magana? Yaron nan bai yi mini komai ba."

"Kwalin fa?"

"Ban san wanda yake sa shi ba," in ji Alhaji, yana goge wuƙar a hannun rigarsa.

Shi ma Umar, in ji Rabi, bai taɓa cewa ana cire masa komai ba. Ya dai koma sayen sukari mai kwali fiye da abin da gidansa ke sha.

Cikin damina Alhaji ya kwanta. Ciwon bai yi tsawo ba. Ana gobe zai rasu, Zinariya ta sunkuya don ta ji wasiyya, sai ya ce mata in za a fitar da teburin, a ɗaga, kada a ja.

Da aka dawo daga maƙabarta, mata suka cika gida, aka ce a fitar da tebur a sami wurin zama. Umar ne ya tsaya a kai, idanunsa jajur. Babu wanda ya gaya masa wasiyyar, amma da wani ya fara turawa, sai ya dafe hannunsa. Aka ɗaga teburin cak, aka fita da shi kamar marar lafiya.

Zinariya ta tsuguna ta ɗauke gammon ɗaya bayan ɗaya. Sun lafe sun koma kamar waina. Ƙarƙashinsu kuwa madaci sumul, ko alamar lotsawa babu. Sai a gefen ƙafar yamma ta ga wasu 'yan ƙananan zane-zane, birjik, kamar inda kaza ta yi tono. Bakin wuƙar Alhaji ne. A duk faɗin falon, nan ne kawai katakon ya ji ciwo.

Dariya ta ƙwace mata a gaban masu gaisuwa, ta toshe baki da mayafi, dariyar ta juye ta zama wani abu.

Umar yana durƙushe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya ce da matarsa ta gaya wa Inna, laifinsa ne, bayan sadakar bakwai zai kawo kafinta ya goge wurin ya koma kamar sabo.

Zinariya ta shafa zanen da tafin hannunta. Ba ta dube shi ba.

"Ki gaya masa na gode," ta ce da 'yarta. "Amma kada wanda ya taɓa mini nan."