Tantancewa Cikin Takaba

Kwana arba'in da uku da rasuwar mijinta Armiya'u, Malama Mardiyya tana zaune a ɗakinta a Zurmi cikin kayan takaba, sai saƙo ya shigo wayarta daga Malam Na'Allah, hedimastan firamaren da take koyar da aji huɗu. Wai kwamitin tantance malamai ya sauka a Kaura Namoda, kwana goma zai yi. Kowa ya je da ƙafarsa, da takardun karatu da lasisin koyarwa, a ɗauki hotonsa ya dangwala yatsa. Wanda bai je ba, za a cire sunansa daga rijista.

Masu tsara irin wannan abu, Allah ya shirye su, sai ka ce a garinsu ba a mutuwa. Mardiyya da sauran kusan wata uku kafin ta fita takaba. Shekara goma sha ɗaya tana shaƙar alli, ga 'ya'ya uku, yanzu kuma aikin nan shi ne gatansu. Ta kira hedimasta.

"Wallahi Malama, na yi magana," in ji shi. "Sunka ce takarda ana aiko ta, amma yatsa ba a aiko shi."

Ta san malamai sun ce mai takaba na iya fita da rana in lalura ta kama. Amma tun ranar rasuwa surukarta Inna Balaraba ta tare a gidan, ita kuwa Inna in ta ce a'a, ko liman sai ya sake shiri. Duk da haka Mardiyya ta durƙusa ta yi mata bayani.

"Kaura?" in ji Inna. "Gidanmu mai takaba ko zaure ba ta takawa. Ba ki zuwa ko'ina."

Mardiyya ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta. Gaskiya ranar ta ji haushin tsohuwar nan har cikin ranta.

Bayan kwana biyu Inna ta leƙo da sassafe, da mayafi a kafaɗa. "Miƙo min takardun nan naki." Ta sa su a leda ta fice, ba ta ce ga inda za ta ba. Sai bayan la'asar ta dawo, ƙafafu a kumbure, ta nemi ruwan alwala kawai. Washegari ma haka. Mardiyya ba ta tambaya ba, don fushin bai sake ta ba.

Ranar ƙarshe ta tantancewar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta yi sallama da jaka a rataye, ta ce sunanta Sa'ida, daga kwamiti. Ta yi gaisuwar rasuwa, ta zauna a tabarma, ta buɗe kwamfuta da wata 'yar na'ura. Inna ce ta riƙe farin zanen gado a bayan Mardiyya aka ɗauki hoto, tana ta mitar hannunta ya gaji. Mardiyya ta ɗora babban yatsa, na'urar ta kawo koriyar wuta.

"Shi ke nan, Malama. Sunanki na nan, lasisinki ma za a sabunta."

Inna ta shiga madafi damo wa baƙuwa fura. Sa'ida ta bi ta da kallo, sannan ta rage murya.

"Tsohuwar ga taki ta ba mu aiki. Ranar farko bisa benci ta wuni, ba ta ga shugabanmu ba. Da ta dawo ta tare shi bakin ƙofa. Ya ce sai dangin mamaci sun ba da shaida a rubuce kafin a zo miki gida. Ni ce mai rubutawa. Na ce mi ne sunan marigayin. Ta ce yaron nan. Na ce Inna, ba a rubuta yaron nan. Mun fi minti biyar haka, mutane na jira. Sannan ta ce Armiya'u. Ban ji da kyau ba, sai da ta sake faɗi."

Armiya'u ɗan fari ne. Shekara goma sha huɗu Mardiyya tana aurensa, ba ta taɓa jin sunan a bakin Inna ba, ko ranar da aka fita da gawarsa. Kunyar da tsohuwa ta riƙe shekara arba'in, ta je ta ajiye ta gaban baƙi saboda ita. Godiya da kunyar fushin da ta yi suka taru suka cika mata ƙirji.

Inna ta dawo da ƙwarya. Mardiyya ta zube a gabanta ta kama ƙafafun nan masu kumburi.

"Inna, Allah shi saka miki. Allah shi jiƙan…"

"Ke, tashi ki ba baƙuwa hura," in ji Inna. Ta miƙa ƙwaryar, ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, a hankali, "Amin. Allah shi jiƙan yaron nan."