Inda Motar Praise Ta Kwana

Saje Dawuda ba ya son ya ji an ce wani ya fi shi, balle a ce Talle ne, maƙwabcinsa mai awon dawa a kasuwar Zuru. Shekarun da Saje ya yi yana yawo daga bariki zuwa bariki, Talle na gida yana cika mudu, har ya ja katangar bulo ya sa ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya wa Saje a wuya shi ne 'yarsa Praise, wadda ta tashi tana ce wa Talle "Baba" da bakin da take kiran ubanta.

Ana nan sai ga waya daga Abuja. Praise ta ce za su je Argungu ita da mijinta su ga gidan tarihin Kanta, su wuce Sakkwato, kuma za su kwana Zuru a hanya. Damuwarsu ɗaya ce: motar sabuwa ce fil, mijin ba ya son ta kwana a bakin titi. Saje bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce a gidan soja ake tambayar tsaro? Su dai su taho.

Saloma, matarsa, ta tuna masa cewa ƙofarsu ko babur sai an karkata shi yake shiga, alhali ga Talle da fili har da rumfa. Ai kuwa kamar ta watsa masa barkono a ido. Ya rantse in motar 'yarsa ta kwana a gidan mai awo, a daina kiransa Saje.

Gari na wayewa ya ɗauki diga ya far wa katangarsa ta ƙasa. Tsoho da ciwon baya, amma ina, kishi ya ba shi ƙarfi. Da ya buɗe giɓi sai ya ga bishiyar gwaibar gidan tsaye daidai inda mota za ta bi. Saloma ta fito da gudu za ta yi magana, ya daka mata tsawa, ya ce itace ne ba mutum ba. Ya sare ta, ya share wurin tas, ya aro langa-langar da zai rufe giɓin. Talle ya leƙo ya yi masa sannu da aiki, ya tambaya ko ana neman hannu. Saje ya amsa ciki-ciki, ko ɗagowa bai yi ba.

Da la'asar baƙar mota ta shigo layi tana sheƙi. Saje na tsaye a bakin giɓinsa cikin tsohon wandon kaki da ya sha guga, yana nuna hanya da hannu biyu. Motar ta rage gudu, Praise ta ɗago masa hannu tana dariya, sai mijin ya karya kan mota ya shige gidan Talle, wanda ƙofarsa ke buɗe tun ɗazu. Ashe Praise ta kira Talle shi ma. Ta san ƙofar gidan ubanta, ta ɗauka cika baki ne irin na tsoffin sojoji.

Zuciyar Saje ta yi baƙi ƙirin. Yana jiyo dariyarsu ta bayan katanga, yana jin "Baba, Baba", kuma ba da shi ake ba. Ya san kishi ne ke cinsa, sanin bai rage masa komai ba.

Can ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta rungume uwarta. Sai idonta ya faɗa kan kututture.

"Baba, ina gwaibar?"

"Na sare. Don motarku ta samu hanya."

Ta tsuguna ta dafa kututturen, har yanzu da danshinsa.

"Ni da Baba Talle muka dasa ta, shekarar da kake Laberiya," in ji ta. "Kullum ina kukan sai an kai ni wurinka. Ya ce in riƙa ba ta ruwa, kafin ta yi 'ya'ya za ka dawo. Ko makaranta ba na tafiya sai na duba ta."

Saje ya dubi kututturen. Shekara da shekaru yana tsinkar gwaibar nan yana ci, bai taɓa tambayar wanda ya dasa ta ba.