Rakiyar Uban Biki Zuwa Gada

Albashin ɗan sandan ciki a birnin Huancayo ba ya kai mutum ƙarshen wata, kowa ya san haka, har manyan da suka yanka shi. Shi ya sa ranar hutu sai ka ga ofis ya watse cikin gari: wannan yana gadin shagon gashin kaji, wancan yana jan tasi, wani kuma, Allah ya shirye shi, yana bin masu ƙara yana cewa a ba shi na mai. Eleuterio Poma shi busa yake yi. Tun yana saurayi yake riƙe da sakso, wato ƙahon busa na ƙarfe, a badujalar Don Melquíades, wadda ake ɗauka haya ƙauye-ƙauye lokacin bukukuwan waliyyai. Da kuɗin busa 'ya'yansa suke makaranta, amma ko ninka masa albashi aka yi ba zai bari ba. A ofis aikensa ake yi, a cikin mabusa kuwa sai ya iso ake farawa.

Ranar da ya shiga aikin ɗan sanda, tsohon ya gindaya masa sharaɗi guda: aikinsa ya tsaya a gida. Ranar biki kowa ke dawowa ƙauye, na kirki da na banza, kuma babu garin da zai ɗauki mabusan da ke kai rahoto. Eleuterio ya riƙe wannan alkawari shekara da shekaru, har ranar da aka ɗauke su bikin waliyyi Santiago a ƙauyen Ullpamarca.

Suna sauka daga mota uban biki ya tarye su, wato mutumin da ya yi wa waliyyi alwashin ɗaukar nauyin shagalin bana kacokan. Ƙanwarsa ce ta je ta yi ciniki da badujala, don haka sai yanzu suka ga fuskarsa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma yana miƙo hannu Eleuterio ya gane shi. Rómulo Ccanto ne, wanda ya kashe abokin sana'arsa Hilario a kan rigimar babbar mota, ya tsere wajen haƙar zinariya a daji. Matar Hilario har yau tana zuwa ofis duk Litinin, ta zauna a benci. Ba ta kuka, ba ta tambaya, kallon Eleuterio kawai take yi har a tashi, kuma wannan kallo ya fi masa zagi ciwo.

Eleuterio ya zagaya bayan coci ya kira mai gabatar da ƙara, Dokta Zoila, wadda shari'ar ke hannunta.

"Dokta, na ga Ccanto. Yana Ullpamarca, shi ne uban biki."

"Kai kuma me ya kai ka Ullpamarca ranar hutu?"

"Abin da ke kai ki koyar da ɗalibai da yamma, Dokta."

Ta yi 'yar dariya. "Bakinka ya yi tsawo, Poma. Motar ofis dai tana kan duwatsu, ko taya babu balle mai. Kuma ka san mutanen can, ranar biki ɗan sanda mai kaki bai isa ya haye gadarsu ba. Zan taso surukina da tasinsa, in ɗauko kurtu guda da takardar kamu, mu tsaya a bakin gada. Kai za ka kawo min shi."

"Da me? Ƙaho ne a hannuna."

"To ka yi ta busawa har ya zo," in ji ta, ta kashe waya. Ita ma matar nan aikin wucin gadi take yi, ana sabunta mata shi in an ga dama, amma ba ta taɓa cewa a bari sai gobe ba.

Da rana aka tone ramin da aka binne nama da dankali a kan duwatsu masu zafi, aka zuba wa mabusa nasu. Eleuterio ya kasa ci. Ya matsa kusa da Don Melquíades ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Tsohon ya gama tauna lomarsa tukuna. "Ɗana, me muka yi da kai?"

"Na sani, Maigida."

"Ba ka sani ba. Dubi Anacleto mai ganga, jikoki yake ciyarwa. Dubi sauran. In aka ce badujalar Melquíades da ɗan leƙen asiri take yawo, daga nan har garin Jauja ko bikin kaciyar kare ba za a kira mu ba."

"Mutum ya kashe, Maigida. Na ga gawar da idona."

"Kai kaɗai ne ɗan sanda a ƙasar nan?"

"Ni kaɗai ne a Ullpamarca."

Don Melquíades ya goge hannu, ya tashi. "Kafin waliyyi ya koma coci ko kallon banza ban yarda ka yi masa ba. Biki muka karɓa, biki za mu gama."

Haka kuwa aka yi. Aka fito da mutum-mutumin waliyyi daga coci a kafaɗa, aka zagaya gari, mata na juyi da manyan siket, Ccanto a gaba riƙe da sandar uban biki, tsohuwar uwarsa a gefensa tana share hawayen murna. Eleuterio ya yi busar da bai taɓa yin irinta ba, zuciyarsa cike da tsoro da baƙin ciki, don ya san abin da zai yi, ya kuma san abin da zai rasa.

Da la'asar waliyyi ya koma mazauninsa, Ccanto ya miƙa sanda ga uban bikin baɗi. A al'adar garin, wanda ya sauke nauyi mabusa ne ke raka shi da kiɗa har inda zai je. Wata farar mota tuni tana jiransa a bayan gidan uwarsa, inji na aiki, za ta fice da shi daga gari. Ccanto ya zo yana bin mabusa ɗaya bayan ɗaya yana godiya, kamar yadda aka saba. Da ya iso kan Eleuterio, sai Eleuterio ya riƙe hannun bai saki ba.

"Don Rómulo, bikinka ya yi kyau, ban ɓata maka shi ba. Ni ɗan sanda ne. Maganar Hilario ce."

Fuskar mutumin ta sauya. "Kai mahaukaci ne? Ihu ɗaya zan yi, a tsinci ƙasusuwanka a kogi."

"Gaskiya ne. Amma kafin su gama da ni sai na faɗi abin da ka yi da ƙarfi, a ƙofar coci, a kunnen tsohuwarka. Ita an ce mata haɗari ne, ko ba haka ba? Ko kuma mu taka zuwa gada da kiɗa, ta gan ka ka fita kamar mutum."

Ccanto ya fizge hannu, ya buɗe baki zai kira 'yan'uwansa. Babu wanda ya roƙi Don Melquíades komai, amma sai ya ɗaga hannu, badujala ta ɓarke da kiɗan rakiya gaba ɗaya, mabusa suka kewaye mutanen biyu kafaɗa da kafaɗa. A tsakiyar wannan amo ko jaki ya yi kuka ba mai ji. Ccanto ya waiga ya ga uwarsa tana tafi tana sa masa albarka. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya cire hula ya ɗaga mata, ya fara takawa.

Jama'a suka biyo su da rawa, suna mamakin wannan rakiya da ta bar hanyar gida ta nufi gangare. Giya da gajiya suka zubar da yawancinsu a hanya, amma waɗanda suka kai gada sun ga komai: tsohuwar tasi, mace riƙe da takarda, kurtu yana sa wa uban biki ankwa. Kiɗa ya tsaya, aka fara gunaguni, wani ya duƙa yana neman dutse.

Nan Don Melquíades ya cakumi kwalar Eleuterio.

"Munafuki! Ashe ɗan sanda muke ɗauke da shi ba mu sani ba! Cire min rigata! Ka ci amanarmu, ka ci amanar mutanen garin nan!"

Ya yi ta zabga ƙarya da zagi da iya ƙarfinsa, don kowa ya ji ya kai gida. Eleuterio ya tuɓe jar rigar badujala ya miƙa. Wajen karɓa tsohon ya matse masa yatsu a ƙarƙashin rigar, idanunsa jawur.

"Kar ka sake zuwa ƙofata," ya faɗa da ƙarfi. Sannan ƙasa-ƙasa ya ce, "Ka gaida min matar Hilario. Ka ce mata wani tsoho ya yi mata busa."

Wanda ya ɗauki dutse ya yar. Mabusa suka juya suka hau tudu da jama'a, Anacleto ya saki kiɗan ganga.

"Shigo mu tafi, Poma, sanyi ya fara," in ji Dokta Zoila daga cikin tasi.

"Ina zuwa, Dokta."

Ya tsaya a kan gada da 'yar shara, ƙaho rataye a wuya, yana sauraro. Ya san waƙar sarai. Da aka zo wurin da shi kaɗai yake ɗauka da ƙahonsa, sai ya ji ganga zalla tana tafiya. Babu wanda ya shiga gurbin, haka suka bar shi a buɗe har ya wuce.