Ƙirga Arba'in a Bakin Rijiya

Dabo ƙanena ne, kuma shi ya kawo wannan gurguwar dabara. Tiyo bai kai gindin rijiyarmu ba, sai ya ce a zura injin ban-ruwan ciki ya zuƙe ruwan, a gama yasa kafin azahar. Injin ya yi ta ruri a ƙasa har ya mutu. Dabo ya jiƙa tsumma ya ɗaure hanci, wai maganin hayaƙi, ya sauka. Na kira shi sau uku, shiru. Da na leƙa sai na hango shi kwance cikin laka.

Ihun matarsa Tahira ya tara maƙwabta, kowa sai leƙe da salati. Wanda ya tuɓe riga shi ne Kamaruddeen, ɗan Malam Ja'afaru. Shekara uku yana gudu kullum a hanyar Minjibir don neman shiga soja, mu kuwa muna tsokanarsa da tambayar wa ya biyo shi.

Ya ce, "Baba Nababa, a zaune ina riƙe numfashi minti biyu. Amma aiki yana cin iska, da wuya in wuce daƙiƙa arba'in. Kai za ka ƙirga. Da ka kai arba'in ku jawo ni, ko na ɗaure shi ko ban ɗaure ba."

Ya ja numfashi har haƙarƙarinsa ya buɗe. Aka zura shi da igiya a ƙugu, wata a hannu. Na kwanta rub-da-ciki a bakin rijiyar ina ƙirgawa a zuci. A ashirin ya dira. A talatin yana kokawar ɗago Dabo daga laka. Na kai arba'in igiyar ba ta ko shiga hammatar Dabo ba.

Mutum huɗu ke riƙe da igiyar Kamaruddeen, na gabansu mahaifinsa ne, idonsa a kan bakina. Na ji tsoro, na kuma san abin da nake yi. Na yi shiru. Hamsin. Hannun Kamaruddeen ya fara laluben ƙulli kamar na mai gyangyaɗi. Sai da na ga ya ja ƙullin, a sittin da uku, na ce a ja.

Dukansu a some aka fito da su. Dabo ya kwana huɗu a asibiti. Kamaruddeen kuwa a mota ya farfaɗo, kansa a cinyar mahaifinsa, yana haki yana amai. Da ya samu bakin magana ya dube ni.

"Baba, nawa ka ƙirga?"

"Arba'in," na ce.

Ya lumshe ido. "Ashe numfashin nawa bai kai yadda nake zato ba."

Malam Ja'afaru ya kamo hannuna ya riƙe. "Allah ya saka maka, Nababa. Ka riƙe min amanar ɗana."