Mota Bisa Turmin Inna

Ranar da Alu ya ce shi da kansa zai canza ambariyaj ɗin motar gidansu, gaban Samiratu ya faɗi, don ta san halin yayanta. In ya ce zai yi abu, sai dai a kauce masa.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce da mahaifinsu ya bari, ita ke kai buhuna da awaki kasuwar Abala daga Filinge. Alu da ƙanensa Isma'ila ke tuƙa ta bi da bi. Makon jiya Isma'ila ya kafe cikin yashi, ya yi ta taka ta har ambariyaj ɗin, faifan nan da ke haɗa inji da buwat, wato akwatin ƙarfen da ke canza gudu, ya ƙone ƙurmus. Jawo ta aka yi zuwa gida tana ƙauri. Tun ranar ba su sake cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Da hantsi, bayan Inna ta tafi suna, Alu ya ɗaga gaban motar da kirik, ya cire taya ɗaya don ya sami wurin shiga, ya tura turmin Inna a madadinta. Kirik ɗin ya mayar da shi ƙarƙashin buwat. Da ya rasa icen da zai tokare buwat ɗin da shi, sai ya tuge turken bijimin da suke kiwo, ya ɗaure igiyar bijimin a ƙarfen bayan motar.

"Yaya, ba a kai shi wani wuri ba?" in ji Samiratu.

"Ke, koma ga littahinki. Mi kika sani ga mota?"

Ta koma bakin ɗaki ta zauna, amma ko layi ɗaya ba ta karanta ba.

Alu da Isma'ila suka shiga ƙarƙashi su biyu. Tsohon faifan ya fito baƙi ƙirin. Alu ya sa sabon, ya daidaita shi da guntun ƙotar gatari, sannan suka yi ta tura buwat ya koma mazauninsa, ya ƙi. Gumi da baƙin mai duk sun rufe su.

"Ɗaga, malalaci! Ƙona ta kaɗai ka iya?" in ji Alu.

"Ni na ce ka kai ta garaji. Kai da ko keke ba ka taɓa gyarawa ba."

Haba! Sai ga su sun fito waje. Kafin Samiratu ta miƙe, Alu ya kwaɗa wa Isma'ila sufana a goshi. Fata ta tsage, jini ya tsinke ya rufe masa ido ɗaya, yana gangarowa har cikin baki. Isma'ila ya kai masa naushi, suka kama kokawa suna birgima cikin ƙasa da mai, Alu ya danne shi ya shaƙe masa wuya har idanunsa suka firfito. Samiratu tana jan rigarsa tana kuka, "Yaya, za ka kashe shi! Don Allah, Yaya!" Ya sake shi, ya tofar da yawu, ya koma ƙarƙashin mota kamar ba abin da ya faru.

Isma'ila ya tashi yana tangaɗi. Ya rarumi taɓarya. Ya dubi ƙafafun yayansa da suka leƙo waje, ya ɗaga ta sama, sai kuma ya juya ya maka ta a jikin motar da iyakar ƙarfinsa.

Garam!

Bijimin ya zabura ya fizgi igiya. Motar, da birkin hannunta ya daɗe da mutuwa, ta ja baya. Turmi ya kife. Gaban motar ya rufto.

Ihun da Alu ya yi, Samiratu ba ta taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Kuma bijimin bai daina ja ba, duk fizga ɗaya sai ƙarfe ya ƙara niƙa kafaɗar Alu, ƙafafunsa na shure-shure cikin ƙasa. Ita da ko kaza ba ta iya kallon yankanta, ta ruga madafa ta ɗauko wuƙa. Bijimin ya kawo mata ƙaho, ya yage mata hannun riga har da fata. Ta kama igiyar ta yi ta gurzawa har ta tsinke, bijimin ya banke ƙofar langa-langa ya yi waje.

Isma'ila na nan tsaye da taɓarya a hannu, baki buɗe. Kirik ɗin yana can ciki, mota ta danne shi. Ta shara masa mari.

"Ɗaga ta! Shina mutuwa!"

Sai ya farka. Ya mirgino turmin kusa, ya ɗora taɓaryar a kansa, ya cusa bakinta ƙarƙashin ƙarfen motar, ya hau ɗaya bakin da dukan nauyinsa. Jini na ɗiga daga haɓarsa. Icen ya fara ƙara. Motar ta ɗan ɗaga, kaɗan ƙwarai. Samiratu ta kama idon sawun Alu ta ja, ta ja, har ta faɗi zaune. Kansa na fitowa taɓaryar ta karye, motar ta sake dira ƙasa.

Hannun Alu na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Amma yana numfashi.

Maƙwabta suka shigo a guje. Babu motar da za ta kai shi likita, ga tasu nan kwance, sai amalanken jaki aka samo. Isma'ila ya hau ya rungume kan yayansa a cinya, Samiratu na bin su a ƙasa, har yanzu wuƙar na hannunta ba ta sani ba.

Can kan hanya Alu ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon tsagar goshin ƙanensa. Ya ɗaga hannun hagu ya danne wurin da tafinsa don jinin ya tsaya, bai cire ba har suka isa.