Babunaj a Ofishin Awaki

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni, ya ajiye ni a lambuna na bakin tafkin Bukuru da rana tsaka. Komai yana inda na bar shi, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa. Manoma sun kifa lemominsu sun tsaya a ciki don kada ƙafafunsu su jiƙe.

Na nufi fangalin babunaj ɗina. Wani fure ne na daji, ina shuka shi saboda mahaifiyata, shayinsa kaɗai ke sa ta barci. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ba a binne shi, a kan ƙasa ake barbaɗawa don yana son haske. Shi ya sa ruwan ya kwashe shi ya yi sama da shi. Da na ɗaga kai sai ga fangalin can a jikin gajimare, furanni farare fat suna reto.

Wani mai keke ya ce, "Malam, in kana son kayanka sai ka je ofis."

Sai ga ni a ofis. Wata akuya mai tabarau tana bayan tebur, tana tauna takardar da ta gama sa wa hannu.

"Sunan shuka?" in ji ta.

"Babunaj, ranki ya daɗe."

"Duk haka suke cewa."

Ta buga ƙaho a tebur. Furanni uku suka shigo suka zauna a benci, suka harɗe saiwoyi. Kowanne fari ne da rawaya a tsakiya, ganye siri-siri kamar na karas.

"Ɗaya ne naka, biyun 'yan uwansa ne masu kama. Ka nuna daidai, mu sauko maka da fangali. Ka kuskure, mu ba wani direban tanka barcin tsohuwarka, ya daɗe yana bin layi."

Ban damu ba, don na san na gaske ƙamshin tuffa yake yi. Na sunkuya na shinshina na farko, sai na ji labaran ƙarfe ɗaya. Na biyu, kukan jariri. Na uku ya yi gyaran murya.

"A nan hanci saurare yake yi," in ji akuyar. "Kana da lokaci har in gama cin wannan fayil."

Sai ga ni a tsakiyar tafki, a tsaye kan ruwa, furannin uku a tafin hannuna. Inna tana zaune a kan turmi tana tsince wake, bayanta a miƙe, babu furfura ko ɗaya.

"Kai, me ya same ka kake zare ido?"

"Inna, na kasa gane nawa."

"Ka cika kallon fuska. Miƙo."

Ta sa farce ta tsaga tsakiyar na farko, cike yake dam. Na biyu ma haka. Da ta tsaga na uku, babu komai a ciki sai ɗan rami.

"Wannan ne," ta ce. "Na gaske cikinsa fanko ne. A nan yake ajiye barcin."

Na tsaya ina kallonta. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunya. Don haka da mantuwar tsufa ta kama ta, har ta fara tambayar matata ko wane baƙo ne ke kawo mata shayi, ban san ranar da sunan ya ɓace mata ba.

"Inna, kin san ko ni wane ne?"

Ta waiga dama da hagu. Babu kowa sai wani kifi da ke shanya wanki.

"Matso. Sau ɗaya zan faɗa, kada ka gaya wa babanka."

Ta kama kunnena, bakinta ya motsa. Ban ji sauti ba. Abin da ya zo mini ƙamshi ne: hayaƙin murhu, man kaɗe, da zanen goyo da ya sha rana. Na tsaya a ciki har wake ya ƙare a faifanta.

Sai ga ni a ofis. Na ɗora furen da aka tsaga a kan tebur. Akuyar ta leƙa ramin da ido ɗaya, ta yi hamma.

"An karɓa," ta ce, ta tsoma kofato a tawada ta shiga buga hatimi. Tim. Tim. Ta taga na hango fangalin yana saukowa a hankali da igiya.

Tim. Tim. Na buɗe ido. Matar maƙwabcina ce ke dakan gero a bayan katanga, gari ya waye sarai. Ban tashi nan da nan ba. Na kwanta ina jan numfashi a hankali, ko wani abu na ƙamshin nan ya rage.