Doyar da Ta Faɗo Daga Goyo

A unguwar Oje ta Ibadan, Morenike ba ta da wani buri sai a bar ta ta goya ƙanenta Kunmi, wani ɓulɓul ɗan wata biyar. Shekararta goma sha uku, amma kakarta Iya Agba ta kafe: babu goyo sai ta ci jarrabawar Anti Jumoke, tsohuwar nas ɗin da ke koya wa 'yan mata raino a gindin mangwaro.

Anti Jumoke ba ta da 'yar tsana, sai ta ce kowace yarinya ta zo da doya daga gida. Aka ɗaura wa doyoyin nafkin, aka raɗa musu suna. Ta Morenike ta ci suna Tokunbo.

"Wannan jariri ne," in ji Anti. "Duk bakin da ya kira shi doya ya faɗi jarrabawa, ko da bakina ne."

Haka fa aka yi ta fama. A wanke hannu kafin a taɓa doya, a tallafe wuyan doya, a kwantar da doya a rigingine, a kawar da ruwan zafi daga kusa da doya. Wata ma korarta aka yi, don ta ajiye nata jaririn kusa da akuya ta tafi sayen ƙosai.

Ranar jarrabawa iyaye mata suka cika benci, ɗaurin ɗankwali har yana tare rana. Morenike ta goya Tokunbo, ta ja majanyi, ta zaga fili lafiya lau. Sai ta hango kakarta, kuma yarinyar kirki ba ta wuce babba a tsaye. Ta zube gwiwa biyu. Zani ya saki. Tim!

Tokunbo ya faɗi ƙasa. Morenike ta ɗauke shi ta dudduba kansa, ta ruga wajen malamar.

"Anti, jariri ya faɗi a hannuna. A kai shi asibiti."

Iya Agba ta miƙe a hankali, ta gyara zani.

"Jumoke, yaron nan namiji ne?"

"Namiji ne, Mama."

"Kaico. Kin dai san abin da iyayenmu suka ce. Yaron da ya faɗo daga goyo, matansa bakwai za su mutu a jere, sai in an zaga kasuwa tsirara an karya abin. Jikata ƙaramar yarinya ce. Wa ya koya mata ɗaurin?"

"Ni ce, amma..."

"To, yau kasuwar Oje take ci. Kawo gilashin idonki in riƙe miki, ki tuɓe."

"Haba Mama! Doya ce fa!"

Ai kuwa 'yan mata suka ɗauki ihu: "Anti ta faɗi! Anti ta faɗi!" Mata suna ta sheƙa dariya har ɗankwalaye na karkacewa. Morenike kaɗai ce ba ta yi ba, tana rungume da Tokunbo tana jijjiga shi, hawaye shaɓe-shaɓe.

Iya Agba ta dube ta.

"Share fuskarki, sarkin kuka. Wadda ta nema wa doya asibiti ba za ta ɓoye mini komai a kan Kunmi ba."

Da suka koma gida, da hannunta ta ɗora mata yaron a baya, ta ɗaure majanyin tamau, ta ƙara wani a kai. Morenike ta fara sunkuyawa za ta yi godiya.

"Ke! Miƙe! In kina da goyo, ko sarki kika gani, ki gaishe shi a tsaye."

Tokunbo kuwa, sakwara aka daka da shi, Anti Jumoke ta ci har da ƙari.